Tumbin Kawu Buba

Abu na farko da Kawu Buba ya yi a ƙasar Indiya shi ne neman taya saniya. Ba mu fi rabin sa'a da fitowa daga filin jirgin Delhi ba, cunkoso ya tsayar da tasinmu, sai ga wata farar saniya kwance a tsakiyar titi tana tuƙa, motoci suna kauce mata. Kawu ya sauke gilashi ya ƙare mata kallo tun daga tozo har kofato.

"Tica, tambayar min direban nan, ina mai ita?"

Na ce, "Kawu, ba ta da mai ita. A nan ba a yanka su."

Ya sake leƙa ta. "To gara da ban zo ƙasar nan da ƙuruciyata ba, da yunwa ta kashe ni."

Kawu Buba wan mahaifiyata ne, ya yi shekara arba'in yana dillancin shanu a karar Babura. Ni kuwa, Sa'idu, malamin firamare ne a Roni, shi ya sa ba ya kirana da komai sai Tica. Abinci ne ya daina zama a cikinsa, ya rame har rigunansa suka yi masa yawa. A Kano aka zura masa na'ura mai kyamara ta maƙogwaro, aka gano ciwon daji a tumbinsa. An yi ta yi masa ƙarin ruwan maganin daji har ciwon ya ɗan motse, sannan likitoci suka ce sai an cire tumbin gaba ɗaya, kuma cikin 'yan makonni, kafin abin ya sake samun ƙarfi. 'Ya'yansa suka yanke shawarar a fita da shi waje. Duk cikinsu ba mai jin Turanci, don haka ni da nake koya wa 'yan aji uku haruffa aka naɗa ni Baturen dangi.

Wanda ya tarbe mu wani Mista Raju ne, mai haɗa baƙi da asibitoci. Tun muna gida ya turo mana hoton ɗaki mai kyau da labule da furanni. Da muka isa, ɗakin yana hawa na huɗu, tagarsa tana kallon bango, furannin kuma a jikin kalanda suke. Ya ce injin hawa bene jiya-jiya ya lalace. Na zagaya gidan nan sau biyu, ban ga ko inda aka taɓa niyyar sa injin ba.

Washegari ya ɗauke mu ya kai mu wani ɗan asibiti da ba shi ne a takardunmu ba, ya ce wai wancan ya cika, wannan ya fi shi. Ni dai da na ga sanyi da kujeru masu laushi har na fara gyaɗa kai. Kawu ya jawo hannun rigata.

"Wannan ɗan sana'armu ne. Dubi inda yake tsayawa, kullum tsakaninmu da mutane, ba ya barin mu haɗa ido da kowa. Ni ma haka nake tsayawa a kara. Amma ni ban taɓa kai mutum wurin gurguwar saniya na ce masa kwanciya take so ba. Tashi mu tafi."

Ya miƙa wa Mista Raju hannu, ya yi masa addu'ar shiriya da Hausa, shi kuma yana ta murmushi yana cewa ya gode. Muka tari ɗan sahu, na nuna wa direban takarda, ya kai mu inda ya kamata tun farko.

Bayan kwana huɗu na gwaje-gwaje muka zauna gaban likitan tiyata, wani siriri mai furfura da Kawu ya sa wa suna Mai Tabarau. Ya ɗauko takarda ya zana cikin mutum. Ya ce hanya biyu ce. Ta farko a tsaga cikin daga ƙasan ƙirji zuwa cibiya, ya sa hannu ya cire tumbin, ya haɗa maƙogwaro da hanji. Ta biyu a yi 'yan huji ƙanana, a hura iska a cikin, a zura kyamara da dogayen ƙarafa, yana kallon allo yana aiki. Abin da za a cire ɗaya ne, har da 'yan ƙululun da ke kewaye da tumbin. Aikin huji ya fi daɗewa a ɗakin tiyata, amma jini kaɗan ake zubarwa, zafin bai kai ba, mutum ya fi saurin tashi. In ya shiga ya ga abin ya manne da wani wuri, dole ya tsaga. A wurinsa duka biyun aiki ne mai kyau, sai dai ganin shekarun Kawu da ramarsa da tarin da yake fama da shi, ya fi son huji.

Na fassara iya iyawata. Kawu ya saurara har ƙarshe, ya kakkaɓe riga.

"Ka ce masa albarka."

Na ce, "Kawu, ba ciniki muke ba."

"Ciniki mana. Mutum ya ce zai cire min tumbi bai sa hannu ba, yana kallon talabijin? Ni ko ɗan maraƙi ban taɓa saya wa mutum a waya ba. Sannan ya ce min duka biyun suna da kyau. To in duka suna da kyau, me ya sa suka zama biyu?"

Na ce to a yi tsagar. Ya ce ita ma bai ce ya yarda ba, tunda mai yin ta da kansa ya kushe ta. Mai Tabarau ya tura mana takardar sa hannu, Kawu ya tura masa abarsa. Likitan bai yi fushi ba. Ya ce ya ajiye mana gurbi ranar Litinin mai zuwa, in ta wuce sai an sake layi, kuma makonnin da muke da su ba sa tsayawa jiran kowa.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi nauyi a tafiyar. 'Ya'yan Kawu suna ta bugo min waya daga Babura kamar ni na hana shi sa hannu. Abinci kuma ya zama wani yaƙin. Duk abin da na sayo, wake ne aka dama da yaji, ko shinkafa da wani waken daban. Kawu yakan ɗanɗana ya ture. Ni kaina kewar gida ta kama ni sosai. Har ƙarar 'yan ajina, da nake ƙorafi a kanta kullum, na dinga jin marmarinta, ga duwatsun Roni da ban taɓa tsayawa na kalla ba suna zo min a rai.

A hawa na biyu akwai wata tsohuwa Bahindiya mai jan ɗigo a goshi. Ta lura Kawu yana tsayawa a kowane hawa yana haki, sai muka wayi gari muka ga an ajiye kujerar roba a bakin ƙofarta. Ba ta jin Turanci, mu ba ma jin yarensu, da hannu muke gaisawa. Wata rana ta nuna cikin Kawu, ta nuna bakinsa, ta buɗe tafin hannu alamar tambaya. Na nuna mata hoton gonar gero a wayata don kawai in ce abincinmu ke nan. Matar nan ta tafa hannu ta shige ɗaki, sai ga ta da garin gero a gwangwani, da kindirmo a ƙaramar tukunyar ƙasa. Ashe su ma suna ci. Na dama fura irin ta wanda bai taɓa shiga kicin ba, duk gudaji. Kawu ya sha cokali shida, ya ce da Goggo Hajara, matarsa, ta ga wannan aika-aika da ta kai ni ƙara wurin mai unguwa. Amma bai bar kofin ba sai da ya ga ƙasansa.

Ranar Talata ya ce in je a canza mana tikiti mu koma. Ya ce in mutuwa ce gara ta same shi a inda aka san sunan ubansa. A nan na yi abin da ban taɓa yi ba, na ɗaga masa murya. Na ce mun tsallako duniya, kowa ya zuba mana ido, shi kuma yana taurin kai a kan abin da bai sani ba. Tsoro ne ya sa ni, don na riga na hango kaina a gaban mahaifiyata ina ce mata na dawo da wanta yadda na tafi da shi.

Da na gama huci, sai Kawu ya yi magana.

"Ka faɗi gaskiya, Tica, ban sani ba. Shi ya sa. Kai an ba ka takarda ka karanta, ni me aka ba ni? Zane. A nuna min mutanen da aka yi wa, na tsaga da na huji. In gan su a tsaye, in gan su suna tafiya. Shi ke nan abin da na iya."

Da kunya na koma wurin Mai Tabarau, ina ta kewaye-kewaye kafin na faɗa masa kawuna yana son duba marasa lafiyarsa yadda ake duba shanu. Ya cire tabarau ya yi dariya har da share ido. Ya ce ranar Alhamis waɗanda aka yi wa aiki suke dawowa a duba su, zai tambaya, duk wanda ya yarda to.

Mutum uku suka yarda. Akwai wani dattijo daga Afganistan da aka tsaga mako uku da suka wuce, da wani ɗan Bangaladash da aka yi wa huji kusan lokaci guda, sai wani ƙaton mutum mai rawani da gemu, ɗan ƙasar, wanda aka tsaga shekara biyu baya, ya zo karɓar allurar ƙarin jini da duk wanda ba shi da tumbi yake yi har ƙarshen rayuwa.

Na shirya tambayoyi a takarda, Kawu ko kallonta bai yi ba. Ya zauna a ƙarshen baranda ya ce in roƙe su su tashi daga kujera su tako zuwa wurinsa. Dattijon ya dafa gwiwa, ya dafa ciki, ya miƙe a hankali ya taho a ɗan duƙe. Ɗan Bangaladash ya tashi da hannu ɗaya a kan kujera. Mai rawani kuwa zumbur ya miƙe kamar an kira shi cin abinci. Kawu ya zagaya kowannensu, ya leƙa farin idonsu, ya matsa damtsensu. Da ya kai hannu zai ɗaga leɓen dattijon na riƙe shi na ce, "Kawu, don girman Allah, ba shekarunsa muka zo tambaya ba."

Sannan ya yi tari, ya nuna su yi. Mutum uku suka jeru suna tari a baranda, ma'aikatan jinya suka tsaya kallo. Dattijon sai da ya rungume cikinsa kafin ya yi. Daga nan Kawu ya ɗage rigarsa ya nuna nasa cikin, su ma suka ɗage nasu. Dattijon yana da dogon ɗinki ja har cibiya. Ɗan Bangaladash yana da 'yan tabo biyar kamar cizon kaska, da wani guda da bai fi tsawon yatsa ba. Tabon mai rawani ya koma farin layi, sai ka lura za ka gan shi. Shi ne ma ya ciro ɗan ƙunshin abinci daga aljihu ya nuna mana, ya ce yanzu sau shida ko bakwai yake ci a rana, kaɗan-kaɗan, yana taunawa kamar ba ya son rabuwa da loma. Ya ce in ya yi haɗama ko ya sha zaƙi da yawa, jiri da gumi ne suke hukunta shi.

Azahar ta yi muna wurin. Aka nuna mana wani lungu da ake salla, muka tafi da dattijon da ɗan Bangaladash. Dattijon a kan kujera ya yi tasa. Ɗan Bangaladash ya kai goshinsa ƙasa, a hankali dai, amma ya kai. Da muka idar na ce wa Kawu ina fata dai ba leƙe ya yi ta yi a cikin salla ba. Ya ce nafilarsu ya kalla, ba farilla ba, kuma in daina sa ido a kan ibadar manya.

A hanyar ofishin likita ya faɗa min abin da ya gani. "Mai rawanin nan ya nuna min tsaga ba ta kashe mutum, in an jima duk ɗaya ne. Bambancin a watan farko yake. Ni kuma da wannan tarin nawa, watan farkon ne abin tsoro. Mai Tabarau bai yi ƙarya ba."

Amma da muka zauna bai karɓi biro ba. Ya ce in tambaya ta ina tumbin zai fita. Likita ya nuna tsawon yatsa, ya ce za a sa shi a 'yar jaka a zaro ta nan. Kawu ya gyaɗa kai, ya ce wannan ya yarda, ya sha ganin tumbin saniya in an zubar da abin ciki yana naɗewa kamar hula.

"Saura ɗaya. Ni ina barci, shi yana kallon talabijin. Wa zai shaida min ya fito duka? Ka ce masa in ya cire, ya kira ka. Ka gani da idonka, ka taɓa da hannunka."

Ni mutum ne da ko kaza ba na iya riƙewa a yanka. Ran layya maƙwabcina ne yake yanka min rago, ni ina ɗaki ina gyaran rediyon da ba abin da ya same ta. Kawu ya fi kowa sanin haka. Na yi fatan likita ya ce doka ta hana, sai ya ce ai su dama suna nuna wa dangi, safar hannu kawai zai ƙara min. Kawu ya zuba min ido. Na ce na yarda. Ya ɗauki biro ya rubuta sunansa da ajami, ya ce, "Na sallama."

Ranar Litinin da sassafe aka shiga da shi, yana ce wa mai tura gadon ya bi a hankali, kayan ba na haya ba ne. Na zauna a baranda. Hantsi ya yi, azahar ta wuce. An gaya min aikin huji yana daɗewa, amma sani daban, zama a kan benci daban. Duk ƙofar da ta motsa sai na miƙe. Na ja carbi har yatsana ya yi zafi, ina tunanin ko an shiga an tarar abin ya manne.

Gab da la'asar aka kira ni wani ɗan ɗaki. Mai Tabarau yana tsaye da koren kaya, gaban rigarsa duk gumi. Ya ce an gama lafiya, ba a tsaga ba. Ya yaye ƙyalle daga kan wani faranti.

Na so in rufe ido, na tuna za a tambaye ni. Abin bai kai yadda na zata ba, ja-ja ne da kitse rawaya a jikinsa kamar geza. Wai wannan ne ya ci tuwon shekara saba'in. Likita ya nuna min bakinsa na sama da na ƙasa, ya ce ya yanka nesa da ciwon ta kowane gefe, za a kai ɗakin gwaji a tabbatar, kuma akwai sauran ƙarin ruwa in mun koma gida. Aka sa min safar hannu. Na danna gefe guda, laushi. Ya matsar da yatsana gaba kaɗan, sai na ji wani abu mai tauri kamar ƙwallon goruba a cikin tsumma. Na ce na gode da Turanci mai kyau, na fito da ƙafata, na sulale a ƙasan baranda. Wata ma'aikaciyar jinya ce ta ɗaga min ƙafafu ta ba ni shayi mai sukari, tana ta dariya.

Sai a rana ta biyu aka bar ni na zauna da shi sosai. Har an tashe shi ya taka daga gado zuwa ƙofa, da robobi a jikinsa, yana mita wai ko ruwa sai a cokali. Da ma'aikatan suka fita ya kira ni da yatsa. Muryarsa ta dushe.

"Ka gani?"

"Na gani, Kawu."

"Baki biyu?"

"Baki biyu, sama da ƙasa."

"Ciwon fa, a gefe yake ko a tsakiya?"

"A tsakiya. Da laushi ta nan, da laushi ta can."

Ya lumshe ido ya daɗe. Sannan ya ce in kira masa Goggo Hajara. Sai a lokacin na lura tun zuwanmu bai taɓa neman waya da kansa ba, kullum sai dai ya ce in gaishe ta. Na buga, na sa a amsa-kuwwa, na riƙe masa kusa da baki.

"Hajara, an cire," in ji shi. "Tica ya gani da idonsa."

Ina jin kukan awaki daga can gida. Sai muryar Goggo ta fito a dake, ba ko sannu.

"Ba ni Tican. Kai Sa'idu, gani kawai ka yi, ko ka taɓa?"

Kawu ya fara dariya, ya dafe cikinsa yana cewa wayyo. Na ce, "Goggo, na taɓa da hannuna."

Sai a sannan ta fashe da kuka.